Kujerar Gaba

Inna ce ta kira ni, ta ce in zo gida akwai magana, kuma in bar yara a baya. Na same ta a kicin tana wanke tukunyar da ba ta da datti. Sai da ta leƙa tsakar gida ta tabbatar Baba ya fita, sannan ta ce mini idon mutumin nan ya tafi. Wai shekaranjiya ya fito daga ɗaki ya tsaya gaban doguwar rigarta da ta shanya a igiya, ya yi mata sannu da aiki, har ya tambaye ta ko ruwan wanka ya yi zafi. Na ƙyalƙyale da dariya, don abin dariya ne. Inna ta tsaya tana kallona har dariyar ta ƙare don kanta.

Sana'ar Baba tun kafin a haife ni ita ce kai baƙi yawon ganin tsofaffin garuruwan da ke kan tsohuwar hanya, waɗanda sabon titi ya kewaye ya bar su da tarihinsu da tsofaffinsu. Yana da farar bas tasa ta kansa. Shi ne direba, shi ne mai bayani, shi ne mai ba da dariya, shi ya sa duk tsawon hanyar ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Labari. Ni kuwa Kwandasta yake kirana, don ina ƙarama duk hutun makaranta a kujerar gaba nake cinye shi, ina ƙirga masa kawunan fasinja in an dawo mota. Na yi aure, na haihu biyu, furfura ta fara leƙo mini, amma a bakinsa ban tashi daga Kwandasta ba.

Ba rigar Inna ce ta hana ni sukuni ba. Makarantar su 'yata ta shirya kai 'yan ajinsu ganin garuruwan nan mako mai zuwa, kuma ni ce na taka har ofishin shugabar makarantar na ce kada su wahalar da kansu neman mota, ga mahaifina, ya fi shekara talatin a kan hanyar nan ko kaza bai taɓa takawa ba. Ni da bakina na faɗa, har da ɗaga kai. Yara cike da mota da malamarsu, 'yata a cikinsu, ta ma riga ta zaɓi rigar da za ta sa.

Inna ta ce ta yi masa maganar asibiti, ya ce likita ko dutse aka kai masa sai ya gano masa hawan jini. Ta kuma ce ya daina fita da motar shi kaɗai. Ko wajen makanike za shi sai ya ce ta ɗauko mayafi ta raka shi, ita kuma ta ɗauka soyayyar tsufa ce ta motsa. Na kira Yaya, babbanmu, wanda in dai maganar gida ce kullum yana cikin taro. Ya ce a bi Baba a hankali, a lallaɓa, a dage da addu'a, zai kira ni in ya fito. Ina jin har yau bai fito ba.

Don haka na je na ce wa Baba marmarin hanya nake yi, ko zai zaga da ni kafin tafiyar 'yan makaranta. Na shirya dogon roƙo, sai ya amsa tun ban rufe baki ba, ya ce da ma yana so ya duba lafiyar hanyar. Abin da nake nema ɗaya ne: in gani da idona, in san ko zan bar shi ya ɗauki yaran nan ko zan karɓi makullin. Allah ya sani, fatana in dawo in ce wa Inna ta cika zargi.

Da safe na tarar ya riga ya wanke motar, yana goge gilashin gaba da tsohuwar jarida yadda ya saba. Na nufi kujerar bayansa don in riƙa kallonsa ta madubi, ya ce ina, gaba zan zauna. A 'yan shekarun nan ya ƙirƙiro wata doka da baƙi ke so ƙwarai: wanda ya fi kowa tsoron mota shi ke zama gaba, wai tsoro a gaba ake maganinsa. Tun a bakin ƙofa yake gane shi, mai tambayar ko tayoyin sababbi ne, ko mai fara addu'a tun ba a tayar da inji ba. Sai ya kama hannunsa ya kai shi kujerar gaba, sauran na shewa. Ni kuwa ba sai an yi bincike ba. Shi ya koya mini tuƙi da kansa, kuma ina tuƙa motata lafiya lau, amma in wani ne ke riƙe da sitiyari nakan taka burkin da babu, in ja numfashi ta haƙora, in dafe ƙofa. Ya ce yau ma zai gwada ko zan warke.

Tsohuwar dokarsa kuwa, wadda na sani tun ina yarinya, ita ce mai nuni ba ya kallon abin da yake nunawa. Ido na hanya ne, hannu na baƙi. Yakan fitar da hannu ta taga ya ce ga kaza, ga kaza, kansa bai juya ko kaɗan ba, kuma in ka duba sai ka ga abin daidai tsinin yatsarsa. A da abin alfaharina ne. Ranar nan sai dokar ta ɗaure ni, don ban ga ta yadda zan gane yana gani ko ba ya gani ba, tunda ko lokacin da idonsa ke garau ba ya dubawa.

Muka fita gari a hankali, yana yawan danna hon. Wani mai keke ya ɓullo daga lungu, na ja numfashi, Baba ya sassauta. Wata babbar mota ta tsaya a kwana ba alama, ƙafata ta daki ƙasa, Baba ya taka burki tsaf, har da yi wa direban tsaki. Na ce a raina ka ji Inna da neman magana, ga mutum yana ganin duk abin da nake gani. Na ɗan saki jiki, na ɓare lemo na miƙa masa rabi.

Garin farko titi ɗaya gare shi, da shaguna masu baranda da ginshiƙan ƙarfe, rabinsu a rufe, kwaɗon ƙofarsu ya yi tsatsa. Tsofaffi na zaune a inuwa suna jiran wanda zai wuce su kalla, ba mai wucewa. Abin da ake zuwa gani a nan tsohon kurkuku ne da aka mayar gidan tarihi. Mai kula da wurin, wani siriri mai tarin makullai a ƙugu, ya tarbi Baba da murna, ya ce rabonsu da baƙo tun watan jiya, in ba jemagu za a ƙirga ba.

Ko da yake ni kaɗai ce fasinja, Baba bai rage mini komai ba. Ya shige gaba, hannunsa na shafa bango, yana bayani da muryar aikinsa, wadda ta fi ta gida kauri. A wata gajeriyar ƙofa ya ce a sunkuya, wannan ƙofar ba ta san babban mutum ba, ya kuma sunkuya daidai inda ya kamata. Ya nuna mini ɗakin da ake cusa mutum ashirin a wurin mutum biyar, da inda kafaɗunsu suka goge dutsen bango har ya yi santsi, da 'yar kafar da haske ke shigowa, wadda ba ta fi faranti ba. Wurin sanyi gare shi, ga warin kashin jemage. Ina yarinya nakan riƙe gefen rigarsa a nan, yau ma sai da na ji kamar in riƙe.

A hanyar fita ne ya yi karo da wani akwatin gilashi da aka ajiye tsakiyar baranda, cike da sarƙoƙi da mari. Ƙugunsa ya daki kusurwar har sarƙoƙin suka yi ƙara. Ya yi dariya, ya ce wa ya kawo wa kurkuku sabon fursuna ba a sanar da shi ba. Mai makullai ya taya shi dariya, ya ce ai tun bara akwatin ke nan, kuma duk zuwa sai sun gaisa da Mai Labari. Yana faɗar haka ya dube ni, sannan ya mayar da idonsa kan makullansa, ya shiga neman wanda ba ya buƙata. Ban tambaye shi komai ba. Na ce wa kaina barandar da duhu, kowa ma zai iya yin karo.

Tsakanin garin farko da na biyu gonaki ne, da tsofaffin turakun waya da ba waya a kansu. Baba na nuni yana labari: ga rijiyar da matafiya ke yada zango a da, ga gidan mai gonar da 'ya'yansa suka yi ta shari'a a kansa har rufin ya rufta ba wanda ya ci. Duk suna nan inda yatsarsa ta ce, ni kuma duk wanda na gani sai in ƙara jin ƙarfi.

Abin alfaharin gari na biyu hasumiyar agogo ce a tsakiyar shataletale, mai fuska huɗu, kowace fuska da nata lokacin. Muna shiga shataletalen Baba ya fitar da hannu.

"Ga ta nan, jama'a. Agogo huɗu, ba biyun da suka taɓa yarda da juna. Mutanen garin nan ba sa makara, sai dai su ce ka duba ta wancan gefen."

Na bi yatsarsa da kallo. Babu hasumiya. Shingen kwano ne aka kewaye wurin da shi, ta samansa ana hango tarin bulo da guntun gini, sai sarari fayau inda agogon yake a da. Rana tsaka ce, ba hadari ba hayaƙi. Duk da haka na yi dariyar da ake yi a wannan wurin, don yana jiran ta.

Muka tsaya wajen mai shayin da yake tsayawa kullum, a bakin tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ciyawa ta cinye layinta. Na lura da Baba ya ɗauki buta zai ƙara ruwan zafi sai ya ɗan sa yatsa a bakin kofin. Mai shayin kuwa bakinsa ba marfi. Ya ce Mai Labari ka ga abin da suka yi mana, ruwan sama ya tsaga hasumiya, maimakon gyara suka kawo katafila. Hannun Baba ya tsaya a kan burodi, ɗan tsayawa kaɗan wanda in ba 'yarsa ba ba mai lura.

"Na gani mana," in ji shi. "Ni abin da ya kamata a gani nake nunawa, ba abin da suka bari ba. Ko so kake in ce wa baƙi ga kwano?"

Mai shayi ya ce wallahi gaskiya ne, ya maimaita wa na kusa da shi. Ni ma na cafke maganar da hannu biyu. Magana ce irin ta Baba, mai daɗin ji, mai kama da hikima, kuma can ƙasan zuciyata na san ba haka ba ne. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Na dubi yadda mutane suka kewaye shi suna sauraron labarin jirgin ƙarshe da ya tsaya a tashar, wanda suka ji sau ba adadi, suna ta dariya kamar yau suka fara ji. Na ce bari mu kai gari na uku tukuna.

Gari na uku a bakin kogi yake, daga kan tudu ake gangara masa. Can ƙasa akwai gadar ƙarfe mai jan fenti, da tsohon injin niƙa da ruwa ke juyawa a da, yanzu an jera masa bencina da mai sayar da katin hoto. Amma yara ba gada ke kawo su ba, Ciyaman ke kawo su. Ciyaman tsohon jaki ne da ake ɗora yara a kansa a zaga da su gaban injin a ɗauki hoto, an sa masa sunan ne don ba ya ɗaga ƙafa sai an ba shi wani abu. Mai shi, wanda kowa ke kira Mai Jaki, abokin Baba ne tun suna da baƙin gashi. 'Yata ta ishe ni da tambayar ko za a bar ta ta hau sau biyu.

Muna cikin gangara wayata ta fara ruri. Jakar ta zame ƙarƙashin kujera, kuma na san Inna ce, in ban amsa ba za ta ɗauka mun mutu. Na sunkuya ina lalube. Ina jin Baba na cewa ga gada nan, jama'a, ƙarafunta a kan kogi aka kawo su. Bai ƙarasa ba. Wani abu ya daki gaban motar, dum, ba ƙarar ƙarfe ba, goshina ya bugu da allon gaba, motar ta yi ɗan tsalle ta tsaya. Sai kuka, irin wanda ban taɓa jin jaki ya yi ba.

A da a gindin wata bishiya Ciyaman ke tsayawa, nesa da kwalta. An sare bishiyar. Inuwar da ta rage ita ce ta wani allon talla a bakin titi, can Mai Jaki ya koma tsayar da shi, rabin jikinsa a kan kwalta. Duk mai ido tun daga kan tudu zai hango shi ya kauce, hanyar ma ba kowa a kanta.

Baba ya sauka. Ina kallo ya bi jikin motar da hannu har gaba, ya durƙusa, ya miƙa hannuwa yana lalube a iska kafin ya samu wuyan dabbar, a gaban mutane, da hasken rana. Ciyaman na ƙoƙarin tashi da ƙafafun gaba, na baya sun ƙi binsa. Ɗan sirdinsa ya karkace, da 'yan likkafu biyu da aka ɗaure gajeru, daidai ƙafar yaro. A kansu idona ya tsaya. Wata mata na gefe ta rungume 'yarta, tana faɗa wa duk wanda ya iso cewa yanzun nan aka sauke ta, yanzun nan.

Mai Jaki bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba, da ya yi zagin da ya fi mini sauƙi. Ya tsuguna kusa da Baba ya ce, "Tun daga kan tudu nake ɗaga maka hannu." Baba ya ci gaba da shafa wuyan dabbar. Aka aika aka kira malamin dabbobi, ya zo a babur, ya shafa bayan jakin, ya girgiza kai, ya buɗe jakarsa ya ɗauko allura. Aka kori yara. Baba bai ɗauke hannunsa daga wuyan Ciyaman ba har numfashin ya tsaya, ina jin ma shi ya riga kowa sani. Da ya buɗe baki zai yi maganar biya, Mai Jaki ya ce ba yau ba. Ya kwance sirdin ya rataya a kafaɗa, ya zo inda nake tsaye, ya ce a hankali, "'Yata, kai shi gida."

Makullin na jikin motar. Duk tunanin da na yi ta yi na yadda zan karɓe shi, ashe ba sai na karɓa ba. Na hau na zauna a kujerar direba, na jawo ta gaba. Baba ya zo ya buɗe ƙofar, hannunsa ya taɓa kafaɗata, ya tsaya jim, sannan ya rufe ya zagaya ya shiga ta ɗaya gefen. Fitila ɗaya ta fashe, gaban ya lotsa, amma injin ya tashi.

Muka kama hanyar gida. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa kamar baƙo a falon mutane, da gashin jaki a hannun rigarsa. Tausayinsa ya cika ni har ina ganin hanyar dishi-dishi. Ina cikin haɗa kalmomi masu taushi sai shi ya fara magana, kuma ba da muryar wanda ya karaya ba, da muryar da yake yi wa makanike bayanin inda ƙara ke fitowa.

Ya ce tsakiyar abu ne ba ya gani, kamar an shafa mai a gilashi, amma ta gefe yana ganin motsi da haske. Hanyar kuwa a jikinsa take, kowace kwana, kowane rami, ya san su ta sitiyari da ƙarar taya. Abin da ba ya sani shi ne abin da ya shigo hanyar yau: keke, akuya, mutum. Wannan kuma na kujerar gaba ke gaya masa. Matsoraci ba ya iya ɓoyewa, kafin ya buɗe baki numfashinsa ya faɗa, ƙafarsa ta faɗa, kujerar ma ta faɗa. In ya ja numfashi a sassauta, in ya daki ƙasa a taka burki, in ya karkata hagu to abin na dama. Ya ce ya fi shekara yana haka, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba.

"Tun safe da ke nake tuƙi, Kwandasta. Kin fi su duka. Wayar nan ce kawai."

Na tuna mai keke da babbar mota, da yadda na yi ta murna wai yana ganin abin da nake gani. Na tuna Inna da mayafinta a hanyar makanike, tana jin daɗi wai mijinta ba ya son rabuwa da ita, da baƙin da suka yi ta shewa ana kai matsoracinsu gaba. Tausayin da nake ji ya koma fushi. Na ce masa an bar jaki ana dukan taiki, sai da maganar ta fita na ji muninta a rana irin wannan.

Bai ji haushi ba. Ya ce ya riga ya yi tunanin komai. Ashe har makarantar ya je da Inna, ya gaisa da malamar ajin, ya zaga da ita cikin gari wai ta ga lafiyar motar. Ya ce bai taɓa samun irinta ba, ko leda iska ta ɗauko sai ta yi salati. Zai ce mata dokar motarsa ce a kashe waya. Gobe za a gyara fitila. Tafiyar nan ɗaya tak, sannan ya je asibitin da muka dame shi da shi.

"Jikarka na cikin motar, Baba."

"Shi ya sa zan fi kulawa."

Da gaske yake, kuma abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ba yaudarata yake yi ba, ya yarda da abin da yake faɗa. Na san halinsa. In na ɓoye makulli yana da wani a aljihun tsohuwar kwat ɗinsa, in na cire batir makanike abokinsa ne, in na hana 'yata zuwa 'ya'yan wasu za su je. Bayan 'yan makaranta kuma akwai baƙin da otal ke turo masa.

Da muka iso gari na biyu na gangara gefe, na tsaya daidai shingen kwanon da ya maye gurbin hasumiya. Na ɗauko wayar, na ce masa shugabar makaranta zan kira. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, idanunsa a kan kunnena.

"To ki ce mota ce ta lalace," ya ce. "Ai ba ƙarya kika yi ba, ga fitila nan. Ki bar mini sunana."

Ban taɓa jin Baba ya roƙi wani abu ba, ko gishiri yake so a kan abinci umarni yake bayarwa. Kuma abin da ya roƙa ƙarami ne, bai fi cikin baki ɗaya ba. Amma mota in ta lalace gyara ta ake yi, a ɗaga tafiya zuwa wani makon. Shugabar kuwa mace ce mai kirki da faɗin baki, mijin ƙanwarta ne manajan otal ɗin, abin da ta ji da la'asar kafin magariba ya gama gari. Na san haka sarai, shi ya sa ma ita na zaɓa.

Ta amsa da fara'a, tana cewa yara sun ƙosa. Na gaishe ta, na tambayi iyali, na tambayi aiki, na ja gaisuwar har ta ƙare ba sauran inda zan ɓuya.

"Ranki ya daɗe, ku nemi wata motar. Babana ba ya gani. Ya daɗe ba ya gani, yau ya kashe dabba a hanya. Kada ku ba shi yara, kada kowa ya ba shi."

Ta yi salati, ta yi jaje, ta yi godiya, ta fara jero tambayoyi, na kashe. Na ajiye wayar a cinya. Na jira ya yi faɗa, ya zage ni, ya ce ba ni ba shi, komai ma. Ya mayar da fuskarsa gaba, ya ɗaga gilashin tagarsa har sama.

Muka wuce gidan da aka yi shari'a, muka wuce rijiya, muka wuce kurkuku. Mai makullai na rufe ƙofa, ya ɗaga mana hannu, da ya ga wadda ke tuƙi ya sauke. Hannun Baba bai bar gwiwarsa ba. Na ce Baba ka yi haƙuri. Can kuma na ce za mu je asibiti tare, wataƙila akwai aikin da za a yi. Kamar da kujera nake magana. Ban yi nadama ba, ko a lokacin, amma ji nake kamar ni ce na buɗe jakar malamin dabbobi.

Rana na faɗuwa muka shigo unguwa. Saura mu sha kwana ɗaya mu kai gida, kafin shagon mai aski inda maƙwabta ke zama, sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙofa yadda fasinja ke yi.

"Direba, akwai mai sauka."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce Baba ai ba mu kai ba. Ya sake ƙwanƙwasawa. Na tsaya. Ya laluba ya buɗe, ya sauko da ƙafa ɗaya yana neman ƙasa, ya rufe ƙofar a hankali yadda yake so a rufe masa ita. Ya gyara hularsa, ya ce ya gode, irin godiyar da ake yi wa wanda ba a sani ba.

Na bi shi a baya da motar a giya ɗaya, fitilar da ta rage na haska masa hanya. Ya ɗora yatsunsa a kan katangar mutane yana tafiya, kansa a sama, ba ya sauri ba ya jinkiri, don wannan hanyar ma a jikinsa take. Sai na hango abin da babu shi da safe: masu gyaran bututun ruwa sun haƙa rami a gefen titi bayan fitarmu, sun tafi sun bar shi a buɗe, daidai inda ya dosa. Na ja numfashi ta haƙora, ƙafata ta daki burki. Motar ta tsaya cak. Shi bai tsaya ba.